Me Ya Sa Na'urar Kallo Ke Manta Saitin Hoto Bayan An Sabunta Ta? Dalilai Da Hanyar Gyara

Na'urorin kallo ta intanet irin su Fire TV Stick, Chromecast, Roku, Apple TV, Mi Box da sauran akwatunan Android sun zama ruwan dare a ɗakunan samari da gidajen kallon ƙwallo. Akwai matsala guda da ke yawan tasowa a kansu, wadda ke sa mutane kashe kuɗi a banza. Na'ura tana aiki lafiya lau, sai ta sauke sabuwar manhaja da kanta cikin dare, washegari a kunna a tarar hoto ya dusashe, ko launi ya koma ruwan hoda, ko gefen rubutu ya yanke, ko kuma allon ya yi baƙi ƙirin sai sauti kawai ke fita.

Abin da ke fara zuwa a ran mai kayan shi ne talabijin ya lalace ko na'urar ta ƙone. Daga nan sai a nufi wurin mai gyara, ko a sayo sabon kebul, wani ma ya sayar da na'urar da arha. Alhali a mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Yarjejeniyar da ke tsakanin na'urar da talabijin ce ta warware, kuma ana iya sake ƙulla ta cikin minti goma da rimot kawai, idan mutum ya san inda zai taɓa.

Saitin hoto yarjejeniya ce tsakanin abu biyu

Mai wayar hannu ya saba da cewa idan ya saita hasken allo ko ƙarar kira, a haka za su zauna. Dalili kuwa shi ne allon wayar da ƙwaƙwalwarta kamfani ɗaya ne ya haɗa su, sun san juna tun daga masana'anta. Na'urar kallo ba haka take ba. Ba ta da allon kanta, kuma ba ta san irin talabijin ɗin da za a jona ta da shi ba. Yau tana iya kasancewa a jikin Samsung mai 4K, gobe a jikin tsohon talabijin ɗan gwanjo mai 720p.

Saboda haka duk lokacin da aka kunna ta, sai ta yi gaisuwa da talabijin ta cikin kebul ɗin HDMI. Bakin kebul ɗin yana da ƙananan haƙora 19, kuma ba dukkansu ke ɗaukar hoto ba. Haƙori na 19 aikinsa ya sanar da na'ura cewa an jona talabijin. Na 15 da na 16 su ne hanyar da talabijin ke miƙa wani ɗan bayani da ake kira EDID, wanda ƙungiyar VESA ta tsara. Shi EDID tamkar katin shaidar talabijin ne: yana ɗauke da sunan kamfani, girman hoton da allon zai iya nunawa, saurin da yake karɓa, irin launi da irin sautin da yake ganewa. Ainihin bayanin bai wuce bayit 128 ba, sai ƙarin da ake liƙa masa don sababbin abubuwa irin su HDR.

Bayan na'ura ta karanta katin, sai ta zaɓi abin da za ta aika. Idan saitinta yana kan Auto, ita ke yanke hukunci. Idan mai ita ya zaɓa da hannu, sai ta duba ko zaɓin nasa yana cikin abin da talabijin ya ce zai iya. Akwai kuma gaisuwa ta biyu mai suna HDCP, wadda kamfanin Intel ya ƙirƙira don hana satar fim. Manhajoji irin su Netflix ba sa sakin fim a 4K sai na'ura da talabijin da duk abin da ke tsakaninsu sun amsa HDCP 2.2.

Wannan shi ne tushen darasin gaba ɗaya: saitin hoto ba abu ne da aka rubuta sau ɗaya aka rufe ba. Ana sake tattauna shi a kowace kunnawa, kuma sabunta manhaja tana canza ɗaya daga cikin masu tattaunawar.

Abubuwa huɗu da ake daidaitawa

Na farko shi ne yawan ɗigon hoto. Hoton 720p yana da ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye. Na 1080p yana da 1920 da 1080, wato ɗigo 2,073,600. Na 4K kuwa 3840 da 2160 ne, wato 8,294,400, ninki huɗu na 1080p cif. Idan na'ura ta faɗo daga 4K zuwa 720p, rubutu zai yi kauri, fuskoki su yi laushi kamar an shafa musu mai.

Na biyu shi ne saurin sauya hoto, wanda ake aunawa da Hz. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri. Ana ɗaukar finafinan silima a kan hoto 24 a daƙiƙa. Talabijin na Turai da Afirka an gina shi a kan 25 da 50, daidai da wutar lantarkinsu mai 50Hz, irin wadda ake sha a Najeriya da Nijar da Ghana. Amurka kuwa tana kan 30 da 60. Yawancin waɗannan na'urori a Amurka aka tsara su, shi ya sa idan suka rikice sukan koma 60Hz. Lissafin mai sauƙi ne: wasan ƙwallon Turai da aka ɗauka a hoto 50, idan aka tura shi a 60Hz, dole a maimaita hoto 10 a kowace daƙiƙa don cike giɓin. Ido yana ganin haka a matsayin ɗan ɗingishi duk sa'ad da kyamara ta bi ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan rashin ƙarfin intanet, alhali data ba ruwanta.

Na uku shi ne faɗin haske, wato SDR da HDR. Hoton SDR yana amfani da bit 8, matakin haske 256 ga kowane launi. Na HDR yana amfani da aƙalla bit 10, mataki 1024. HDR ɗin ma iri-iri ne: akwai HDR10 da kusan kowane talabijin mai HDR ke karɓa, akwai Dolby Vision, akwai HDR10+, akwai HLG da tashoshin BBC da NHK suka haɗa. Talabijin ɗin Samsung, alal misali, ba ya karɓar Dolby Vision, sai HDR10+. Idan aka tilasta wa bidiyon SDR fita a matsayin HDR, ko aka tura HDR ga allo marar ƙarfin haske, hoton yakan yi duhu ko ya koɗe.

Na huɗu shi ne tsarin launi. Ana iya aika launi a RGB ko a YCbCr. Idan na'ura ta aika ɗaya, talabijin ya fassara shi a matsayin ɗayan, allon gaba ɗaya sai ya rine da ruwan hoda ko kore. Sannan akwai ma'aunin baƙi da fari: a tsarin bidiyo baƙi yana kan lamba 16, fari yana kan 235, a tsarin kwamfuta kuwa daga 0 ne zuwa 255. Idan suka saɓa, ko dai baƙi ya koma toka-toka, ko kuma wuraren duhu su haɗe su zama baƙi guda ba a ganin komai a ciki.

Dalilan da ke sa sabuntawa ta rusa yarjejeniyar

Manhajar da ake sabuntawa a nan ba irin YouTube ko Netflix ba ce. Manhajar ciki ce, wadda masu gyara ke kira famwaya, ita ke magana kai tsaye da kayan ƙarfen na'urar. A ƙa'ida ana ajiye ta a wani sashe na ma'adanar na'ura, saitin mai ita kuma a wani sashe daban, don kada sabuntawa ta goge shi. Shi ya sa asusun mutum da lambar sirrin Wi-Fi suke nan daram bayan an gama. To me ya sa saitin hoto shi kaɗai yake ɓacewa?

Dalili na farko: an yi gaisuwar ne talabijin yana barci. Na'urorin nan suna jiran lokacin da ba a kallo kafin su ɗora sabuwar manhaja, sannan su kashe kansu su sake tashi. A wannan tashin na'ura tana neman EDID. Idan talabijin a kashe yake, ko an cire shi daga soket, ba lallai ta samu cikakkiyar amsa ba. Tunda ba ta san wanda take magana da shi ba, sai ta zaɓi hoto mafi sauƙi da kusan kowane allo zai karɓa, kamar 720p ko 1080p a SDR. Wata na'urar tana gyara kanta idan an kunna talabijin, wata kuma sai ta riƙe wannan zaɓin. Abin ya fi tsanani idan akwai wani abu a tsakani, kamar sandar sifika ko akwatin raba hoto zuwa talabijin biyu ko uku irin na gidajen kallo, domin na'urar katin shaidar wannan abin take karantawa, ba na talabijin ba.

Dalili na biyu daga wurin masu rubuta manhaja yake. A ɗauki misalin tela da ke rubuta awon mutane a littafi da irin alamominsa. Idan ya ɗauki sabon yaron shago wanda aka koya masa wasu alamomin daban, littafin yana nan, awon yana nan, amma yaron ba zai gane shi ba, sai ya yanka yadi a kan awon gama-gari. Haka abin yake a manhaja. Ana ajiye kowane saiti da suna da lamba. Idan tsohuwar manhaja ta rubuta cewa mai na'ura ya zaɓi tsari na 7 a jerin, sabuwar kuma ta ƙara wasu tsare-tsare a jerin, na 7 ya zama wani abu daban. Idan sunan saitin aka canza, sabuwar manhaja za ta nema ta rasa, ta koma kan na asali. Aikin masu rubuta manhaja ne su rubuta ɗan sashen da zai fassara tsohon rubutu zuwa sabo, amma talabijin iri dubbai ne a duniya, ba mai iya gwada su duka.

Dalili na uku, da gangan ne. Wani lokaci kamfani yana ƙara sabon zaɓi, ko ya sake fasalin shafin saiti. A watan Disamba na 2017 Apple ya ƙara wa Apple TV 4K zaɓin daidaita fitar hoto da ainihin bidiyo a tvOS 11.2. A watan Oktoba na 2022 Chromecast mai Google TV ta samu zaɓin daidaita saurin hoto lokacin da aka ɗaga ta zuwa Android 12. Duk sa'ad da sabon zaɓi ya shigo, dole kamfani ya yanke ko zai zo a kunne ko a kashe, kuma hukuncin nasa ba lallai ya dace da talabijin ɗin kowa ba.

Dalili na huɗu, sabuwar manhaja ta tona asirin kebul ko kafar talabijin. Tsarin HDMI 1.4 na shekarar 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa. HDMI 2.0 na 2013 yana ɗaukar 18. HDMI 2.1 na 2017 ya kai 48. Hoton 4K a 60Hz da cikakken launi a bit 8 yana cin kusan gigabit 18 ɗin gaba ɗaya, a bit 10 kuwa ya haura 22, ya fi ƙarfin HDMI 2.0 sai an rage bayanin launi zuwa 4:2:2 ko 4:2:0. Kebul mai arha yana iya shekara biyu yana aiki a 1080p ba matsala. Ran da na'ura ta koma Auto ta yi ƙoƙarin tura 4K da HDR, sai allo ya fara ƙyaftawa, ko fararen ɗigo su riƙa walƙiya, ko hoto ya ɗauke ya dawo. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: kebul ɗin dama can rarrauna ne, ba a taɓa ɗora masa nauyi ba ne kawai.

Dalili na biyar shi ne wuta. Mutane da yawa suna jona 'yar sandar kallo a kafar USB ta bayan talabijin don a huta da neman soket. Kafar USB 2.0 a ƙa'ida rabin amfiya take bayarwa, alhali cajar da ke zuwa da waɗannan na'urori takan ba da amfiya ɗaya ko fiye. Ƙari a kan haka, a talabijin da yawa wutar kafar tana ɗaukewa da zarar an kashe shi. Idan haka ta faru ana tsakar ɗora manhaja, ko aka ɗauke wuta, ko aka juya layi daga wutar gwamnati zuwa janareto, aikin yana iya yankewa a tsakiya. Sa'a ita ce saiti kawai ya ɓace. Rashin sa'a ita ce na'urar ta maƙale a kan tambarin kamfani.

Yadda ake gane matsala daga alamarta

- Hoto ya yi laushi, rubutu ya yi girma: yawan ɗigo ya faɗo ƙasa.
- Launi ya koɗe ko hoto ya yi duhu a komai har da shafin farko: an tilasta HDR, ko ma'aunin baƙi da fari ya saɓa.
- Allo ya rine da ruwan hoda ko kore: RGB da YCbCr sun rikice.
- Ƙwallo ko rubutun da ke gudu a ƙasan allo yana ɗingishi: saurin sauya hoto bai dace da bidiyon ba.
- Hoto yana ɗaukewa yana dawowa, ko fararen ɗigo na walƙiya: kebul ko kafa ba su iya nauyin ba.
- Gefen hoto ya yanke: talabijin yana faɗaɗa hoton fiye da allo.
- Shafin farko yana fita lafiya amma fim ya ƙi buɗuwa, ko ya ƙi wuce 1080p: gaisuwar HDCP ce ba ta kammala ba.
- Baƙin allo ɗungurungum, ko saƙon cewa ba a gane siginar ba: na'ura tana tura abin da talabijin ba ya karɓa.

Kafin komai, akwai gwaji na daƙiƙa biyar da ke wanke talabijin daga zargi. A danna maɓallin saitin talabijin da nasa rimot ɗin. Idan rubutun saitin ya fito tas da launinsa daidai, allon lafiyarsa ƙalau, matsalar daga abin da ke shigowa ta HDMI ce.

Matakan gyara, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi

1. A sa su sake gaisawa. A cire na'ura da talabijin daga wuta gaba ɗaya, ba kashewa da rimot ba. A zare kebul ɗin HDMI, a jira minti ɗaya. A mayar da kebul, a fara kunna talabijin, a kai shi kan kafar da aka jona, sannan a ba na'ura wuta. Jerin yana da muhimmanci: ana so talabijin ya zama a farke lokacin da na'ura za ta nemi katinsa. Wannan matakin kaɗai yana warware kaso mai yawa na matsalar.

2. A cire 'yan tsakani. Idan akwai sandar sifika, akwatin raba hoto ko kebul na ƙari, a jona na'ura kai tsaye da talabijin a gani. Idan hoto ya gyaru, an gano mai laifi.

3. Idan allon baƙi ne ba a ganin komai, akwai dabarar rimot. A Fire TV, a danne maɓallin sama da na mayar da fim baya tare na daƙiƙa biyar, na'urar za ta riƙa gwada girman hoto ɗaya bayan ɗaya, sai a amince da wanda ya fito. Idan na'urar ba ta da irin wannan dabara, a kai ta jikin wani talabijin, a saukar da saitin zuwa 1080p, sannan a dawo da ita.

4. A shiga saitin hoton na'ura. A Fire TV ana bi ta Settings, sai Display & Sounds, sai Display. A Google TV ana bi ta Settings, sai Display & Sound. A Roku akwai Display type a cikin Settings. A Apple TV kuwa Video and Audio ne. A fara gyara yawan ɗigo zuwa ainihin na talabijin. Na'urar za ta nuna sabon hoton ta nemi a tabbatar, idan ba a amsa ba cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ta koma na baya, don haka babu fargabar gwadawa.

5. A gyara HDR. Abin da ya fi dacewa shi ne na'ura ta tura HDR ga bidiyon HDR kaɗai. A Fire TV a sauya Always HDR zuwa Adaptive. A Google TV a kunna Match content dynamic range. A Apple TV a bar babban saiti a 4K SDR, sannan a kunna Match Dynamic Range a ƙarƙashin Match Content.

6. A gyara sauri. A kunna zaɓin daidaita saurin hoto da bidiyo: Match Original Frame Rate a Fire TV, Match Frame Rate a Apple TV, Auto-adjust display refresh rate a Roku. Allo zai riƙa yin baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farkon fim, wannan ba lalacewa ba ce, sauyin sauri ne. Ba kowace manhaja ke mutunta wannan zaɓi ba, saboda haka wanda yawancin kallonsa ƙwallon Turai ne zai fi samun santsi idan ya kafa na'urar a 50Hz da hannu.

7. A duba ɓangaren talabijin. Talabijin mai 4K da yawa ba ya buɗe cikakken ƙarfin kafar HDMI sai an kunna masa, kuma kowace kafa da nata saitin. Samsung yana kiran sa Input Signal Plus, a tsofaffin samfura HDMI UHD Color. LG yana kiran sa HDMI Ultra HD Deep Colour. Sony da Hisense suna kiran sa Enhanced format. Shi ma talabijin yana sauke tasa sabuntawar, kuma tana iya kashe wannan zaɓi. Idan gefen hoto ne ya yanke, a nemi Just Scan a LG ko Fit to Screen a Samsung.

8. Sai yanzu ne maganar sabon kebul ta taso. Idan hoto yana zama lafiya a 1080p amma yana ƙyaftawa a 4K, kebul ne ko kafa. A gwada wata kafar tukuna. Idan sai an saya, a nemi mai shaidar Premium High Speed, wanda aka gwada a gigabit 18, ko Ultra High Speed mai 48. Gajere ya fi dogo aminci, kuma tsada ba ta ƙara kyan hoto: kebul ko dai ya isar da saƙo ko ya kasa.

Idan sauti ne ya ɗauke tare da sauyin hoto, dalilin guda ne. Na'ura ta koma tura Dolby ga talabijin da bai gane shi ba. A shiga saitin sauti a zaɓi PCM ko Stereo.

Abubuwa biyu da ba a gaggawar yi

Na farko shi ne mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani. Yana goge manhajoji da asusu da lambobin sirri, sannan a kashe data wajen sake sauke su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba ya dawo da tsohuwar manhajar ciki, sabuwar tana nan inda take. Manyan kamfanonin nan ba su ba masu saye hanyar komawa tsohuwar manhaja ba. Saboda haka wannan mataki na ƙarshe ne, bayan takwas ɗin can sun gaza.

Na biyu shi ne yi wa akwatin Android marar suna filashin da manhajar da aka tsinto a intanet. Irin waɗannan akwatuna suna amfani da ƙwaƙwalwar Amlogic ko Rockchip ko Allwinner, kuma sau da yawa akwati biyu masu suna ɗaya da kamanni ɗaya kayan cikinsu daban ne. Manhajar da ba tasa ba tana iya kashe Wi-Fi ko rimot, ko ta kashe akwatin ɗungurungum. Garin neman gira a rasa ido.

Inda abin ke taɓa aljihu

Sauyin saiti ba ido kaɗai yake shafa ba. Manhajojin kallo suna duba girman hoton da na'ura ke fitarwa kafin su zaɓi nauyin bidiyon da za su jawo. Bisa ƙiyasin Netflix, kallon HD yana iya cin gigabayit 3 a awa guda, na 4K kuma har 7. Wanda ya kafa na'urarsa a 1080p ko 720p don tattalin data, kuma da datar wayarsa yake jona ta, idan sabuntawa ta mayar da ita Auto a jikin talabijin mai 4K, datar wata guda tana iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki bai san dalili ba. Duk wanda ya ga data ta fara zurarewa ba tare da kallonsa ya ƙaru ba, ya leƙa wannan saitin, ya kuma duba saitin ingancin bidiyo a cikin ita manhajar kallon.

Mai gidan kallo kuwa asararsa ta fi haka. Allo ya yi baƙi ana saura minti biyar a take wasa, 'yan kallo ba za su jira a gano EDID ba, gidan maƙwabci za su koma.

Rigakafi

A ɗauki hoton kowane shafi na saitin hoto da wayar hannu tun yau da komai ke tafiya daidai, na na'ura da na talabijin, har da lambar kafar da aka jona da lambar manhajar da ke shafin About. Ran da abu ya rikice, gyaran ya zama kwafi kawai.

A riƙa amfani da cajar da ta zo da na'ura a soket, a bar kafar USB ta talabijin.

A riƙa sabuntawa da hannu a lokacin da aka zaɓa: talabijin a kunne, wuta tsayayya, ba ranar babban wasa ba. Apple TV yana ba da damar kashe sabuntawa ta kai tsaye a ƙarƙashin Software Updates. Roku da Fire TV ba su da irin wannan maɓalli a saitinsu, amma suna da wurin da ake dannawa a duba ko akwai sabuwar manhaja, kuma wanda ya riga na'urar dubawa shi ke zaɓar lokacin. Guje wa sabuntawa gaba ɗaya ba dabara ba ce, domin ta nan ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma manhajojin kallo sukan daina aiki a kan tsohon tsari.

Idan na'ura a jikin talabijin ɗaya take zaune kuma tana yawan rikicewa, a cire ta daga Auto a kafa mata girman hoto da hannu. Idan kuwa yawo ake yi da ita daga ɗaki zuwa ɗaki ko gidan abokai, a bar ta a Auto, don kada ta tura 4K ga allon da ba zai iya ba.

Bayan kowace sabuntawa, minti biyu sun isa a duba abu huɗun nan: yawan ɗigo, sauri, HDR da tsarin launi. Idan an bi matakan duka, an gwada wani kebul da wani talabijin, matsalar kuma ta bi na'urar duk inda aka kai ta, to kuskuren yana cikin sabuwar manhajar ne ko a jikin na'urar. A nan sai a kafa ta a 1080p da SDR don a ci gaba da kallo, a kai ƙorafi ta shafin taimakon kamfanin tare da lambar manhaja da samfurin talabijin, domin da waɗannan bayanan ne masu rubuta manhaja ke gano inda gyara zai shiga a sabuntawa ta gaba.